Yadda na cire wa Baba albasa kyauta ina zuba masa lacca

Waɗanda suka ga bidiyon nan da ƙanina ya watsa, dan Allah ku tsaya ku ji ta bakina, don shi daga faɗuwata ya fara ɗauka, kuma wallahi faɗuwar ce ma mai sauƙin a abubuwan da suka same ni ranar.

Kun dai san kangon, gidan marigayiya tsohuwar nan mai furanni. Da aka ce za'a rushe na kira 'yarta nace ta bani izini in kwashe albasar furannin kafin katafila ta bi ta kansu, tace in je in kwashe har da ciyawar in ina so. Toh izini kam ina da shi, yana nan a waya, wannan amsa ce ga mutumin naku da ke yawo yana cewa sata na je yi. Abin da ya ja ni tun farko wani jan fure ne da na hango ta inda katanga ta zube, bakinsa buɗe kamar mazurari, kowane kunne da farin layi a tsakiya. Na kwana uku ina bincike a intanet har na gamsu cewa amarilis ɗin nan ne da wani mai haɗa agogo, Arthur Johnson, ya barbara a garin Prescot na Ingila a 1799, irin da ba kasafai ake samu wajen masu sayar da shuka ba, hannu da hannu yake yawo. Na bi ƙa'ida kuma, ba'a tono lokacin da fure ke kai, alama ake sawa a jira ganye ya yi rawaya ya kwanta, don ganyen ne ke tara wa albasar abincin da za ta yi furen baɗi da shi. Na kafa sanda na ɗaura mata jan ƙyalle na tafi abina.

Ranar da na koma mura ta toshe min hanci gam, ku riƙe wannan. Na aro shebur ɗin surukina, na ja ƙanina ya riƙe min buhu.

Baba na nan. Ba sai nace wane Baba ba, tsohon nan maƙwabcin kangon, mai kujerar nan mai ƙafa uku da bulo a madadin ta huɗun. Mutumin nan ban taɓa ganin ya yi gaggawar komai ba a rayuwarsa, ko gaisuwa sai ya gama kallonka daga takalmi har hula sannan ya amsa, kuma yana da wani "uhm" da yake yi wanda ba ka sanin yarda ce ko tausayinka yake ji. Na durƙusa nace Baba ina wuni, yace lafiya lau ɗana, aiki za'a yi? Nace eh Baba, wasu tsofaffin furanni zan ceto. Yace uhm. Ya jawo kujerar da bulonta har bakin inda katangar ta zube ya gyara zama. Tun daga nan ya kamata jikina ya bani, mutumin da ko inuwa ba ya bi in ta matsa, yau shi ne da ɗaukar kujera.

Na fara da wata ƙatuwar albasar kwaɗi da ke bakin famfo, wadda masana ke ce wa kirinum, wai in ɗan motsa jini kafin babban aiki. Jama'a in kun ga wannan shukar a tsohon lambu ku gaishe ta ku wuce. Saiwarta takura take tana jan albasar ƙasa kaɗan kaɗan duk shekara, wadda ta shekara talatin ba mai taɓa ta kuwa sai dai ka yi kamar mai haƙa rijiya. Na bada tazara na kewaye ta da rami yadda ake so don kar bakin shebur ya yanke gindin da saiwa ke fita, in wannan faifan na ƙasa ya lalace shikenan an yi aikin banza, na yi ta haƙa har rami ya kai min gwiwa ina ganin wuyanta kawai, da kan ya bayyana kuma ya kai kan yaro. Ruwanta ya taɓa min hannu ya kama ƙaiƙayi, safar hannun tana gida kan tebur. Haƙuri ya ƙare na zura shebur ƙarƙashi na hau ƙotar da ƙafa biyu. Ƙas! Ƙota ta rabu biyu, ni kuma sai gani na nayi kwance rigingine cikin ramin da na haƙa da hannuna, ƙafafu a sama, takalmi ɗaya a wani waje. Nan bidiyon ya fara. Yara sun taru, wata mata mai wucewa da bokiti ta ajiye tana ta sannu bawan Allah, ƙanina maimakon ya miƙo hannu sai gyara tsayuwa yake don rana kar ta ɓata masa hoto. Baba yace uhm.

Don in dawo da mutuncina na karkaɗe riga nace wannan ai share fage ne, ku zo ku ga abin da ya kawo ni. Na nufi sandata mai jan ƙyalle. Gata nan tsaye, ganye a gindinta ya bushe ya kwanta daidai yadda na karanta. Na ɗan ji kamar ba nan na kafa ta ba, kamar ta fi kusa da katangar Baba, amma nace wata nawa rabona da wurin. Na sa guntun shebur sau ɗaya sai ga albasa ta fito tubus, ko gardama babu, rabinta ma a waje yake. Na matsa taki ɗaya ga wata. Na matsa ga wata. A jere reras, tazara iri ɗaya, layi huɗu. Duk wanda ya san abin nan ya san tsohuwar albasar fure da aka manta da ita a cunkushe take, uwa da 'ya'ya da jikoki manne da juna har sai ka ɓamɓare su da hannu, ba ta jera kanta kamar sojoji. Na sani sarai. Amma abin da na faɗa da bakina a gaban mutane shi ne, kai marigayiya akwai tsari!

Daga nan bakina ya buɗe. Na ɗaga ɗaya sama nace wa yaran kun ga wannan, asalinta ya girmi kakan kakanku, 1799. Na basu labarin mai agogo. Na zarce Holand, yadda mutane suka haukace kan albasar tulif har kasuwar ta ruguje a 1637, da yadda aka gano daga baya cewa zanen da ya sa suke tsada ɗin ma cuta ce da ƙananan ƙwari ke yaɗawa. Na ɗaure fuska na ja kunne, nace dangin nan, su dafodil da amarilis, guba gare su ana ce mata laikorin, mutane da yawa sun kwanta amai da gudawa don sun ɗauka albasar girki ce, saboda haka kar in ga yaron da ya taɓa ya kai hannu baki. Matar mai bokiti har janye ɗanta tayi. Na ƙara da cewa mai ilimin abin kallo ɗaya yake yi ya bambance. Wannan jimlar ita ce ke hana ni barci. Mai ilimin abin kallo ɗaya yake yi.

Sai da na cire ta ƙarshe, na karkaɗe ƙasar ban wanke ba, na jera su a inuwa su sha iska, ina bayanin cewa ba'a ƙulle su a leda don gumi ke ruɓar da su, sannan Baba ya miƙo hannu yace ɗana bani ɗaya in gani. Na zaɓo mai kyau na miƙa da hannu biyu har da cewa Baba a yi hankali. Ya juya ta, ya sa farce ya ɗan kankare bayan, ya shinshina, bai ce komai ba ya miƙa wa matar mai bokiti, ta shinshina ta rufe baki da gyale ta juya baya kafaɗunta na rawa, ta miƙa wa wani yaro, yaron ya shinshina ya ɗaga murya yace laa albasa ce! Aka miƙo min. Na shinshina, babu abin da na ji, mura. Na sake ja da ƙarfi har da sauti, shiru, sai idona da ya fara kawo ruwa, yaran suka ɗauka kuka nake.

Baba yace tawa ce ɗana. Da ya ga gida ba kowa ya ɗan zuba a gefen katanga, sandar nan kuma ya ganta tsaye ba ta aikin komai shi ne ya ciro ya kafa a bakin fangalinsa don kar a taka. Nace Baba amma kina... kai har harshe ya harɗe, nace amma kuna kallo tun ɗazu baku ce komai ba. Yace ai ka ce kai mai ilimi ne. Kuma ta isa cira sati biyu kenan, bayana ke ciwo, Allah ya yi maka albarka. Ya ɗauki busasshen ganye ɗaya ya matsa min a fuska ya nuna ramin cikinsa, yace ganyen albasa kamar bututu yake, na tsohuwa kuwa faffaɗa ne kamar bel. Ashe ya san furen sarai. Nace to Baba daga ina kuka ciro sandar? Ya kalli lambun gaba ɗaya, ciyawa har ƙugu, ya yi nuni da haɓa wajen da ya kai rabin filin yace ta can haka.

Ni na kai masa buhun har ƙofar ɗaki. Buhun ma bai dawo ba.

Abin da ya fi ci min rai ba Baba bane, ƙanina ne, don daga baya yace tun ta farko da na ciro ya ji warin, wai ya yi shiru ne kar ya katse ni ina magana. Yaron da na koya wa hawa keke. Surukina kuma ya kira sau uku kan shebur, nace masa ƙarfen lafiyarsa ƙalau ƙota ce kawai, yace shi da ƙota ya bayar.

Albasar kwaɗin dai na koma washegari na ƙarasa tono ta, tana nan na dasa, ganye biyu ta fitar ta tsaya, dama irinsu in an tashe su sukan yi shekara ɗaya ko biyu suna fushi kafin su yi fure. Na mai agogon kuma yana can cikin ciyawa ta can haka, sai in ya sake fure kafin katafila ta iso. Na samo wata sandar, wannan karon fenti zan shafa a katanga ma. Wanda ke da diga ya ara min, kar ya gaya wa surukina.