Zaƙami a bayan gidana a Ingila

A watan Agustan da ya wuce wata ciyawa ta fito a ɗan lambun bayan gidanmu, daidai ƙarƙashin inda muke rataye wa tsuntsaye tsaba. Ba ni na shuka ta ba. Kafin wata guda ta wuce gwiwata, ganye fato-fato mai tsaga a gefe, ga farin fure dogo kamar kakaki da yake buɗewa da yamma. Maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya, ta leƙo ta saman shinge ta ɗauki hotonta, nan take manhajar wayarta ta kawo sunan Latin, Datura stramonium, tare da gargaɗin guba. Irinta kan shigo ne cikin tsabar tsuntsaye, ya tsiro in bazara ta yi zafi.

Ni kuwa sai na murza ganye ɗaya na kai hanci. Warin nan mai hawa kai ya mayar da ni jujin bayan gidan kakata a Daura. Na kira Inna ta bidiyo na haska mata.

"Ke, ina kika samo zaƙami a ƙasar Turawa? Maza tuge shi kafin jikokina su ɗauka abin wasa ne."

Namu na gida 'ya'yansa a dunƙule suke, suna sunkuyar da kai; wannan a tsaye suke kamar ƙwai mai ƙaya. Amma dangi ɗaya ne, dafin ma ɗaya: baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, mutum ya yi ta sambatu, wani ma ya rasa ransa. Ba a banza aka ce masa haukata-yaro ba.

Abin da nake gani shi ne, waya suna take bayarwa, Inna kuwa sani gare ta. Da aka aike mu tsinkar tafasa muna yara, sai da aka riƙe hannunmu aka nuna mana bambancinta da rai-ɗore: ganyen tafasa bakinsa a zagaye, na rai-ɗore da tsini. Haka muka san gasaya, lalo, rukuɓu da yaɗiya, wacce ake kwaɗo da ita, wacce ake barin wa awaki. Nan kuwa duk abin da ya fito ba a shuka shi ba ciyawa ce, sai shara.

Amma ba zan ƙi gaskiya ba, mutanen nan sun fi mu rubutu. Kowane tsiro na ƙasarsu yana cikin littafi da hotonsa da yankin da yake fitowa, har akwai wanda wata dokarsu ta shekarar 1981 ta hana yaɗa shi a daji. Namu sanin yana kan tsofaffi, kuma kullum binne su muke yi. Wannan yana damuna ƙwarai. Sannan hancina a nan baƙo ne. Akwai wata ciyawa mai kashe mutum da ganyenta ke kama da na karas, don haka ko wani ganye ya yi kama da alayyafo, ba ya shiga tukunyata sai na tabbatar.

Na sa safar hannu na tuge zaƙamin tun 'ya'yansa ba su fashe ba, na ƙulle a leda. Kafin nan sai da na kira 'yata mai shekara 9 ta tsuguna kusa da ni, ta dubi furen da kyau, ta shinshina daga nesa, ta faɗi sunansa da Hausa sau uku.