Ni da Bangon Kicin

Kun dai san tsohon gidan nan da muka koma. Maman yara ta ce kicin ɗin ya ishe ta, ni kuma na kalli bidiyo a YouTube, na ce ai wannan ba sai an kira magini ba. Na auna bango daga ƙasa, mita 3 cif, na ba kafinta awon kabad-kabad ɗin da zan rataya. Ashe daga sama bangon ya tsuke da santimita 4. Kabad ɗin ƙarshe har yanzu yana falo. Bar wannan ma.

Ranar rataye sauran ne abin ya faru. Mai bidiyon ya ce bututun ruwa da wayar lantarki a miƙe suke tafiya cikin bango, ko sama ko gefe daga famfo da soket, don haka a kauce wa layin. Na kauce. To wanda ya gina gidan nan bai kalli bidiyon ba, a karkace ya binne nasa bututun, na ƙarfe, wanda tsatsa ta riga ta cinye.

Ina kan kujera ina huda bango, sai na ji ƙarar injin ta canza. Kafin in ce me, ruwa ya feso min a fuska, ja wur da tsatsa, har cikin hanci. Na yi wurgi da injin, na danna babban yatsa a ramin. Ruwan ya bi hannuna, ya gangara hammata, ya cika aljihu. In na cire yatsa kicin ya zama tafki, in na bari ba mai zuwa rufe ruwa. Ga kujera tana rawa.

Kun san dalilin da ya sa nake kan kujera? Tsanina yana wurin ƙanin maman yara tun bara. Kuma shi ne tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihu. Na ce, "Kai, je ka rufe babban famfo!" Ya tafi a hankali, ya dawo a hankali.

"Yaya, ya ƙi juyawa fa. Ka taɓa murɗa shi kuwa tun da kuka tare?"

Yaron da ko ƙwan lantarki bai iya canzawa ba! Sai ya matso, ya leƙa, ya ce da ma shi ya ji a jikinsa akwai bututu a wurin. Ya ji a jikinsa. Da nake sa alama da fensir yana tsaye, har shi ya riƙe min tef, bai ce uffan ba. Wai kuma in ɗan juyo, fuskata ba ta fito sosai a wayarsa ba.

Mai gyaran famfo ya zo, ya farfasa rabin fulastar, ya ce duk bututun gidan sai an sauya. Tsanin kuwa an ce ranar Asabar za a kawo. Ba a dai faɗi wace Asabar ba.