Ɗan Adar ne zai kori baƙo daga inuwa?

Tun ranar Asabar nake haɗiye maganar nan, yau dai ta ƙi wucewa. Duk Tawa ta ji abin da ya faru a kartiyenmu, ba sai na maimaita ba. Dattijo da furfurarsa ya tsaya a kan yara ƙanana da wasu ɗaliban jami'a ke koya wa karatu, cikinsu har da ƴaƴan ƴan gudun hijira, yana naɗe musu tabarma da ƙafa, yana cewa a kwashe masa "tarkacen baƙi" daga rumfar ƙofar gidansa. Rumfa tasa ce, ban musa ba. Da ya ja ɗaliban gefe ya ce yana bukatar wurinsa, da babu wanda zai ji. Kalmar da ya zaɓa ita ta hana ni barci, sai kuma waɗanda na ji da kunnena a fada, ana zuba shayi, suna cewa Alhaji ya yi daidai.

A Tawa fa! A Adar! Ku nuna mini gida ɗaya a layinmu da ba shi da mutum a Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, ko Legas. Gidajen simintin da muke taƙama da su, da kuɗin me aka gina su in ba kuɗin ci-rani ba? Mu da duk damina ta wuce sai tasha ta cika da samarinmu, kowa da ƴar jakarsa, za su je su zama baƙi a garin wasu, mu ne yau bakinmu ya iya furta "tarkacen baƙi"?

Kuma mun san ɗacin kora, ba labari aka ba mu ba. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin Gana mako biyu su tattara su fita, kakanninmu na ciki. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi haka a Najeriya, shi ma mako biyu. Da rikici ya ɓarke a Kodebuwa a 2002, da Libiya ta wargaje a 2011, su wa suka dawo mana a bayan manyan motoci, daga su sai rigar wuyansu? Wana da muke ciki ɗaya, a sahara aka sauke shi bayan an kwaso su daga Aljeriya, ya taka kilomita 15 da ƙafa kafin ya kai Asamaka, garinmu na kan iyaka. Ya ce abin da ba zai manta ba shi ne wanda ya fara miƙo masa ruwa, bai tambaye shi ko ɗan wace ƙasa ne ba. Ko kowa zai kori baƙo a duniyar nan, bai kamata ɗan Adar ya yi ba.

To su wane ne ma aka wulaƙanta? Ɗalibai ne na jami'ar Djibo Hamani, maza da mata, ba su kai goma ba. Asabar da Lahadi bayan la'asar suke zuwa, wasu a ƙasa, wasu biyu a kan babur ɗaya. Allin da suke rubutu da shi, karo-karo suka yi suka saya. Allon kuwa guntun falanki ne da suka shafa wa baƙin fenti. Duk wanda ya yi jami'a a ƙasar nan ya san aljihun ɗalibi, ya san yadda ake ƙirga kwanaki kafin bursu, wato tallafin karatu, ta faɗo. A cikin wannan halin suka ware yammacinsu.

Na zauna da su sau biyu, don haka abin da zan faɗa ganau ne. Akwai wata yarinya, ba za ta wuce shekara 11 ba, iyayenta daga wajen Sabon Birni a Najeriya suka gudo. Ta yi aji huɗu a can, da Ingilishi. Aka sa ta lakwal a nan, sai ta zama kamar kurma. Mushe, wato malamin aji, ya rubuta harafin I ya ce "i", ita a wurinta "ai" ne. Ya rubuta E, ita ta ce "i", aji ya kwashe da dariya. Kwana kaɗan ta ce ba ta komawa. Wata ɗaliba ce ta zaunar da ita, ta ce mata da Hausa: "Ƙanwata, haruffan nan duk kin san su, suna kawai suka sake, kamar amarya a gidan miji." Yarinyar ta yi dariya, ta ɗauki alli. Ranar da na koma na tarar tana karanta jimla guda da Faransanci, tana bin ta da yatsa, tana ɗago kai ta ga ko an ji.

Abin da ya fi taɓa ni ma lissafin kuɗi ne. Yaran da suka zo daga Najeriya naira suka sani. Mu kuwa a nan tsabar da aka rubuta wa 100 muna ce mata dala ashirin, wadda aka rubuta wa 500 muna ce mata ɗari. A aiki yaro kasuwa, a ce masa "hamsin", ya rasa ko 50 ake nufi ko 250, marar tsoron Allah ya cuce shi, ya koma gida a dake shi. Wani ɗalibi ya zazzage tsabar aljihunsa a kan tabarma, ya koya musu raba kowace lamba gida biyar. Wata uwa da ke tsaye a baya da goyo ta matso ta ce: "Ɗana, ni ma ka nuna mini, jiya a wurin mai gawayi aka yi mini haka." Wannan tabarmar ce aka naɗe da ƙafa.

Na ji masu cewa ai ONG, wato ƙungiyar agaji, ce ke biyan ɗaliban perdiyam, kuɗin aikin yini. Ba a biyan su ko dala. In ma ana biya, sai me? Kai da ba a biya ka ba, yaro nawa ka koya wa baƙi da wasali a bana?

Na ji masu cewa namu ma suna zaune a azuzuwan zana, a fara da su. Gaskiya ne namu na cikin zana, kuma abin na ci mini rai. Amma da kun leƙa rumfar, da kun ga kusan rabin yaran ƴan kartiye ne, har da jikokin masu surutun. Ɗaliban ba su taɓa tambayar yaro takardar haihuwa ba. Wanda kuma kishin yaran gida ya dame shi da gaske, ga Litinin, ga Talata, ga Laraba, duk babu kowa a kansu, ya ɗauki allo ya fara.

Sai masu cewa ba a san su ba, ƙila da ƴan leƙen asirin ɓarayin daji a cikinsu. Akwai hukuma, akwai jami'an tsaro, wanda ya ga abin zargi ya san inda zai kai. Yaro ɗan shekara tara mai majina a hanci da guntun alli a hannu, shi ne barazanar? Kuma wa ya ce muku duka baƙi ne? Wasu daga Tiliya aka taso su, inda aka kashe mutum 137 a rana ɗaya, 21 ga Maris 2021. Ƴan Nijar ne kamar ni da kai. Ƴan Mali tun 2012 suke shigowa jiharmu, yaran da aka haifa musu a zangon ƴan gudun hijira na Intikan yau sun tasa, ba su san wata ƙasa ba sai wannan. Waɗanda suka tsallako daga Isa da Sabon Birni zuwa Bangi a yankin Madawa, harshenmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya, ga auratayya tun kafin Bature ya ja layi. Sabon Birni Gobir ce, Tsibiri ta nan Nijar ma Gobir ce. A wane gefen layin ne mutum yake zama tarkace?

Kullum muna jin malamai a wa'azi suna ba da labarin mutanen Madina da suka raba gida da gona da Muhajirai, da Najashi sarkin Habasha da ya ƙi miƙa waɗanda suka fake a wurinsa. Muna cewa Allahu Akbar, wasu har da hawaye. Ga shi Allah ya kawo mana namu har ƙofar gida, ba a ce mu raba gona ba, inuwar awa biyu kawai aka nema.

Abin da ya ƙara ba ni kunya shi ne ladabin ɗaliban. Babbansu ya rusuna ya ce: "Baba, ka yi haƙuri, mun tashi." Bai ƙara ko kalma ba. Suka ɗauki allonsu, yara na bin su a baya, suka je gindin wani bango suka ci gaba, rana na dukan rabinsu. Ƙannena, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku sa'ar jarrabawa, ya jiƙan iyayen da suka yi muku tarbiyya. Zauren gidanmu ba shi da girma, amma na yi magana da Inna ta amince, daga Asabar mai zuwa ku zo da ƙananan, manyan kuma mu nema musu wuri.

Af, tun da maganar inuwa ta taso: wa ya sare bishiyoyin bedin nan uku na bakin fili? Tun muna yara a ƙarƙashinsu muke wasa, da suna nan da babu mai bukatar rumfar kowa. An wayi gari kawai sai kututture, kuma kowa na tambaya sai ya ce bai gani ba. Bishiya uku a tsakiyar kartiye, da gatari, a ce babu wanda ya ji sara?