Katse rezo ba ya kama ɗan ta'adda

A watan Mayun 2013 Najeriya ta katse layukan salula a jihar Borno don hana 'yan Boko Haram magana da juna. A Satumban 2021 aka sake yin haka a Zamfara da wasu sassan Katsina saboda 'yan bindiga. Har yau ba a ga bayan ko ɗaya daga cikinsu ba. Wanda ya ji a jikinsa shi ne ɗan kasuwa, da mai naƙudar da aka rasa yadda za a kira mata mota. Yanzu kuwa dabarar ta ƙara rauni, domin na'urar Starlink, wadda ta fara aiki a hukumance a Nijar a 2025, ba ruwanta da eriyar Airtel ko ta Moov, daga tauraron ɗan adam take ɗauko intanet. Mai ita a tsakiyar daji ko a jikinsa in an rufe rezo a Gure ko Magarya.

Mu a Damagaram batun ba labarin nesa ba ne. Tun da Boko Haram ta kai hari Boso da Difa a Fabrairun 2015 muke karɓar baƙin da suka gudo, ga kuma iyakar Najeriya ta kudu da mutane ke ratsawa dare da rana, kowa da layi biyu ko uku a aljihu. Ƙungiyoyin 'yan ta'adda da na 'yan bindiga da waya suke farautar matasa, da ita suke cinikin kuɗin fansa, da ita mai kai musu rahoto ke sanar da su motsin sojoji. ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, har jirage marasa matuƙi take amfani da su a yankin tafkin Chadi.

Doka dai akwai ta. Akwai ta laifukan intanet ta 2019, akwai ta 2020 da ta ba hukuma damar sauraren wayoyi saboda tsaro, akwai CENTIF mai bin sawun kuɗi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da za su yi aikin, a wurin da aikin yake. A ce jandarma ya kama wani a shingen hanyar Matamai da waya cike da saƙonnin murya. Wa zai buɗe ta ba tare da ya lalata hujjar ba? Wa zai zauna ya saurari saƙo ɗari, wani da Hausar kan iyaka, wani da Barbarci, wani da Fulatanci, ya gane cewa “kaya” a nan ba buhun gero ake nufi ba? Manhajojin da ake sayowa da tsada daga waje sun fi ƙwarewa a Turanci da Larabci, kuma rubutu suka fi iya tacewa, alhali mutanenmu magana suke turawa a WhatsApp. Sannan kotun da ke shari'ar ta'addanci tana Yamai, kusan kilomita 900 daga nan. Kafin takarda ta je ta dawo, mai layin da ake nema ya jefar da shi ya sayi wani.

Sayen wanin kuwa ba wuya. Ka tsaya a Kasuwar Dole ka ga yadda ake yi: ƙaramin tebur, laima, yaro da tarin layuka a leda. Tsohon da bai zo da katin shaida ba, wani na gefe ya miƙa nasa don taimako, a yi rajista da sunansa, kowa ya kama gabansa. Ba mugunta ba ce, zumunci ne, amma ta wannan ƙofa mugu ke shiga. Gyaran wannan aikin hukumar kula da sadarwa ta ARCEP ne da kamfanonin waya, kuma ba zai yiwu ba sai an sauƙaƙa wa mutanen ƙauye samun katin kansa.

Akwai abin da ke damuna. A Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna ta intanet, wanda aka cire a 2022. Masu binciken nan 'yan kaɗan ne, in aka sa su bin wanda ya soki shugabanni a Facebook, wa ya rage ya bi mai karɓar kuɗin fansa? Bayan haka, saurayin da ke zaune a fada, aka jefa shi wani zauren WhatsApp mai wa'azin ɗaukar makami, ba zai kai wayarsa ofishin 'yan sanda ba muddin yana tsoron shi za a fara tsarewa. Shi kuwa ya fi kowace na'ura saurin ganin abin.

Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram na yaye matasa kowace shekara, da yawansu na zaman jiran aiki, kuma da harsunan nan suka tashi. A ɗauki wasu, a horar da su tare da 'yan sanda, jandarmomi da alƙalai, a buɗe musu ɗakin binciken wayoyi a nan Zinder. Sai dai a biya su albashin da zai riƙe su, in ba haka ba kamfanonin waya da ƙungiyoyin agaji za su kwashe su da zarar sun ƙware.