Aikin tiyo biyu da ya zaunar mini da babur a Damagaram

Yau kwana 26 ke nan babur ɗina yana jingine a zaure, ƙura ta rufe shi, ni kuwa ina biyan kabu-kabu safe da yamma kamar wanda bai taɓa mallakar abin hawa ba. Ba haɗari na yi ba, kuma injinsa lafiya lau yake. Abin da ya zaunar da shi aikin tiyo ne guda biyu, waɗanda kaurinsu bai wuce milimita 4 ba, aikin da na kai wa wani makaniki a nan cikin gari don kawai ya kimtsa mini su.

Babur ɗin tsoho ne, babba, irin na tafiyar nesa, na hannu ne da ya shigo ta Kwatano. Shokozobansa na baya da iska suke aiki, kamar yadda ake samu a wasu manyan babura irin su Gold Wing. Kowane ɗaya yana da siririn tiyo na roba mai tauri, su biyun su haɗu a wuri ɗaya, su ƙare a kan bawul irin na taya, ta nan ake ƙara iska idan kaya ya yi nauyi, a rage idan mutum shi kaɗai ne. Da yake ni kaɗai nake hawa, na cire sirdin baya da akwatunan gefe domin ya yi sauƙin juyi a lungunan Birni da cunkoson Kasuwar Dole. Cire su ke da wuya sai tiyon suka fito fili, suna reto a gefen taya. Wanda ya san ranar Damagaram a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da take yi wa roba, ballantana ƙaya da ƙurar hunturu da yaran unguwa da ba su ganin abu yana lilo su ƙyale shi.

Na tambayi makanikin tun kafin ya taɓa komai ko ya taɓa aiki a kan irin wannan. Ko kallon babur ɗin bai gama yi ba ya ce, "Haba Alhaji, ai tiyo ne kawai, je ka dawo bayan La'asar." Na dawo na tarar an ɓoye su tsaf, na biya jikka 5, har da yi masa godiya, abin da har yau idan na tuna sai raina ya ƙara ɓaci.

Washegari na kama hanyar Mirya. Ban yi nisa da gari ba na ji bayan babur yana nutsewa a hankali, kowane rami sai ya doke ni har cikin ƙashin baya, daga bisani taya ta soma gogar ƙarfen da ke rufe ta. Na tsaya a gefen titi na durƙusa, sai ga aikin a gabana. Ya ja tiyon ya ɗame su kamar tsirkiyar baka, bai bar musu ko ɗan sarari ba, alhali ƙarfen da ke riƙe tayar baya hawa da sauka yake yi, shokozoban ma suna motsi tare da shi. Ya ɗaure su da wayar ƙarfe, ya murɗe ta da filaya har ta nutse cikin robar. Na dama kuwa ya bi da shi ta kusa da salansa, tazarar ba ta kai yatsa ɗaya ba, wurin ya narke ya yi baƙi, ga huda kamar ƙwayar gero. Da na zare bakin tiyon daga mahaɗinsa na ga da filaya ya yanke rarar, bakin ya lotse ya karkace. Irin wannan mahaɗin tura tiyo ake yi ciki ya kama da kansa, kuma ba ya riƙe iska sai an yanke bakin daidai da reza mai kaifi. Wannan ba ilimi ne mai zurfi ba, ko yaron da ya yi wata uku a garaji, idan aka nuna masa sau ɗaya, ya iya.

Duk wannan da sauƙi, domin tiyo ana sake shi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne man da na gani yana tsiyaya a jikin shokozoba na hagu, ya haɗu da ƙura ya zama taɓo. Yaron makanikin ne ya faɗa mini gaskiya daga baya, cewa da suka gama sai maigidansa ya sa aka tura babur ɗin wurin mai faci, aka buga masa iska da injin da ake cika tayar mota. Cikin shokozoba ɗan ƙaramin wuri ne, da famfon hannu ake ba shi iska kaɗan-kaɗan ana duba ma'auni, kuma littafin babur ɗin ya hana a wuce bar 3 da rabi (bar shi ne awon ƙarfin iska) ko da an ɗauki mutum biyu da kaya, mai hawa shi kaɗai kuwa abin da yake bukata bai kai rabin haka ba. Injin mai faci cikin ƙiftawar ido yake wuce wannan iyaka. Robar da ke hana mai fita daga cikin shokozoba ta fashe, garin gyaran gira na rasa ido.

Da na koma wurin makanikin, maimakon ya ce ya yi kuskure, sai ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, kayan Turawa ne, ba su jure zafinmu." Na ce masa, "Malam, shekara biyu babur ɗin nan yana shan zafin nan bai zubar da ɗigon mai ba, sai da ya wuni a hannunka." Ya ce in kawo sabo ya ɗaura mini, kuɗin aiki kuma daban. Wato shi ya ɓata, ni zan saya, sannan in sake biyansa lada. Mutanen da ke zaune a kan benci suka shiga ba ni haƙuri, babu ko ɗaya da ya ce masa ya mayar da jikka 5 ɗin, kai ka ce ni ne na zo da fitina. Da tun farko ya ce bai san aikin ba, da ban ji haushi ba ko kaɗan, domin baburan da suka cika garin nan duk na sifirin ne, ba laifi ba ne mutum bai taɓa cin karo da na iska ba.

Tiyon dai na sake su da hannuna a tsakar gida. Na zura su cikin wani tiyo mai ɗan faɗi don kare su daga rana da guga, na bi da su ta cikin ƙarfen jikin babur nesa da salansa, na bar musu lanƙwasa mai sauƙi inda ake motsi, na ɗaure da ɗaurin roba ba tare da matsewa ba, sannan na shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa ban ga kumfa ba. Bai ɗauke ni awa biyu ba. Shokozoban hagu ne babu shi a Damagaram, na zaga masu kayan babura har ƙafata ta gaji. Na ba wani direban hanyar Kano tsohon ya tafi da shi a matsayin samfur, ya je sau biyu ya dawo hannu wofi, jiya kuma ya kira ni ya ce wani ya yi masa alkawarin nemowa daga Legas, amma sai na fara tura rabin kuɗi.