Wasan da ka sauke a intanet, saye ka yi ko haya?

Juma'ar da ta wuce bayan an sauko masallaci na biya gidan yayata a nan Jidda, na tarar da ɗanta ya haɗe rai, shinkafa na gabansa ko taɓawa bai yi ba. Na ce kai lafiya? Ya ce "Kawu, akawun ɗin ne aka rufe." Ashe wata uku baya ya tura wa wani mutum riyal 120 ta WhatsApp, mutumin ya ba shi imel da lambar sirrin wani akawun mai wasan ƙwallon bana a ciki, ya sauke yana ta bugawa shi da abokansa, sai ranan nan ya kunna Soni, wato na'urar wasa ta PlayStation, ya ga ɗan kwaɗo a jikin wasan, mutumin ya canza lambar sirri ya kuma toshe lambarsa. Uwar ko kallonsa ba ta yi ba, cewa kawai ta yi ai ga irinta nan.

Gaskiya ban wani tausaya masa ba, don sayen akawun a hannun wanda ba ka taɓa gani ba ganganci ne, kuma dokar kamfanin ma ta hana. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. A ce ma ta ƙofar gaba ya shiga, ya biya dala 70 cif, wato riyal 260 da ɗoriya kafin a ɗora harajin kashi 15, to me ya mallaka?

Kamfanonin da kansu sun ba da amsa. A watan Satumban 2024 jihar Kalifoniya ta Amurka ta sa hannu a wata doka da ta hana shagunan intanet rubuta "saya" a kan kaya irin wannan sai sun fito fili sun gaya wa mutum cewa lasisi ne yake karɓa, ba a daɗe ba Steam, babban shagon wasannin kwamfuta a intanet, ya liƙa sanarwa a wajen biyan kuɗi cewa abin da kake biya izinin amfani ne. Da ma can maganar tana cikin dogon rubutun nan da kowa ke danna "na yarda" bai karanta ba. Kuma ba barazana ba ce ta fatar baki, an gani a aikace. Wasan tseren mota The Crew na kamfanin Ubisoft ya fito a 2014, a ƙarshen Maris 2024 suka kashe sabar, wato kwamfutar kamfanin da wasan yake dogara da ita, daga baya suka janye lasisin daga akawun ɗin mutanen da suka biya kuɗinsu. Nintendo ma ya rufe shagon intanet na na'urorinsa 3DS da Wii U a Maris 2023, wasan da ba a taɓa buga shi a kati ko faifai ba yanzu babu inda za ka saye shi sabo.

Mu da muka zauna a gaban malam mun san bambancin bai'i da ijara tun muna yara. Ba fatawa nake bayarwa ba, amma abin da ka saya naka ne, ka sayar, ka kyautar, ka ba da aro, ka jinginar in ta kama, in ka mutu magada su raba. A cikin biyar ɗin nan wanne za ka iya yi da wasan da ke cikin akawun? Sharuɗɗan Steam sun ce akawun na mutum ɗaya ne ba a miƙa wa wani, ko da wasiyya. Mutum ya shekara 15 yana tara wasanni na dubban riyal, ranar da ya faɗi a takarda babu abin da ya bari. In an ce min haya ce sai in ce to madalla, haya ma halal ce, amma a karɓi kuɗin haya mana, ba kuɗin saye ba.

Nan ne abin ya fi shafarmu mu Hausawan Makka da Jidda da Madina. Yaranmu yawanci ba 'ya'yan masu hali ba ne, abin da ya sa suke buga wasanni iri ɗaya da 'ya'yan masu kuɗi shi ne faifai yana yawo. Shirit ɗaya, kamar yadda yaran ke kiransa da bakin Larabawa, sai ya zagaye gida biyar a lungu ɗaya, wannan ya gama ya miƙa wa ɗan gwaggonsa, wancan ya ba da na faɗa ya karɓi na ƙwallo, in kowa ya ƙoshi a ɗora shi a Haraj, shafin sayar da kayan hannu, ko a kai shago a cika 'yan kuɗi a ɗauko wani. Ko rabin kuɗinka ka mayar ai ka rage zafi. Musamman wasan ƙwallon nan da ake sakewa duk shekara, wanda ya tashi daga FIFA ya koma FC a 2023, wanda duk ya saye shi a intanet da cikakken farashi ya san nan da wata 12 ya zama tsohon yayi kuma ko halala ɗaya ba za ta dawo aljihunsa ba.

Sai maganar na'urar kanta. Lokacin da PlayStation 5 ta fito a Nuwamban 2020 kala biyu aka yi, mai cin faifai dala 499, marar ci dala 399. Iyaye da kawunnai da yawa suka ga rarar dala 100 suka ce ai duk ɗaya ne. Araha ba ta ado. Wanda ya ɗauki marar faifai ya ɗaure kansa da shago guda ɗaya tak har na'urar ta mutu, shagon da mai na'urar ne ke yanka farashi a cikinsa, babu tayi babu "rage min ya sheikh", babu na hannu. Tun 2019 Sony ya daina bai wa sauran shaguna lambobin sauke cikakken wasa su sayar. PS5 Pro da ta zo a 2024 a kan dala 699 ma ba ta da wajen faifai, sai ka sake cire wajen dala 80 ka sayo ka liƙa. Alkiblar a fili take.

Ga kuma wahalar biya. Katin Mada, wato katin bankin Saudiyya, sai da asusun banki, asusun banki sai da igama (katin izinin zama) mai rai, kuma kowa ya san gidajen da wannan magana take da nauyi. Shi ya sa ake komawa katin caji na kantin Jarir ko na shagon unguwa, a nan ma akwai tarko, don akawun ɗin PlayStation ba a canza masa ƙasa bayan an buɗe, yaro ya buɗe na Amurka don wani abokinsa ya ce ya fi araha, ya sayo katin Saudiyya, kati ya ƙi shiga, a dawo ana rigima da mai shago.

Kar a ce na rufe ido a kan amfanin saukewa. Lokacin rusau ɗin unguwannin Jidda da aka fara a ƙarshen 2021, mutane sun kwashe kaya cikin gaggawa, kwalaye sun ɓace, faifai ya karye, amma wanda wasanninsa ke cikin akawun imel da lambar sirri kawai yake buƙata, ko Kano ya koma ko Damagaram suna nan, sai dai ya ji jiki wajen sauke gigabait 100 da data. Rangwamen Steam ma ba wasa ba ne, kuma in ka saya ba ka wuce kwana 14 ba, ba ka buga awa 2 ba, suna mayar maka da kuɗinka. Masu kwamfuta kam zancen faifai ya daɗe da wucewa, gara ma su duba shagon GOG inda ake ba ka fayil ɗin girkawa ka adana a ma'ajiyar kwamfutarka ba sai an tambayi kowa izini ba. Faifan ma an fara cinye shi ta ciki, na Call of Duty da ya fito a 2022 abin da ke kansa bai kai megabait 100 ba, sauran duk saukewa za ka yi, kuma masu faifan The Crew su ma wasansu ya mutu tare da na kowa.

To ni matsayata ita ce wasan intanet a saye shi da farashin haya, wato a jira rangwame, wanda ake so ranar fitowarsa kuma a nemi faifai muddin ana bugawa. Sannan Saudiyya ba 'yar kallo ba ce a wannan kasuwa. Kamfanin Savvy na PIF, asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya, ya sayi kamfanin wasanni na Scopely a kan dala biliyan 4.9 a 2023, Riyad ta karɓi gasar wasannin bidiyo ta duniya Esports World Cup a 2024, a Satumban 2025 kuma aka sanar da cinikin EA, masu wasan ƙwallon da ya hana ɗan yayata cin abinci, a kan dala biliyan 55, PIF na cikin masu saye. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi in ma'aikatar kasuwancinsa ta ce a rubuta wa mai saye da Larabci ƙarara cewa lasisi ne, a kuma faɗi tsawon lokacin da aka lamunce wasan zai yi aiki, babu kamfanin da zai yi kunnen uwar shegu.

Da zan tafi na ce wa yaron ya share hawaye, gobe bayan la'asar mu je in saya masa faifan na hannu. Ya ɗago ya kalle ni ya ce "Kawu, a ina zan sa shi?" Sai a lokacin na tuna ni ne na sayo masa na'urar, marar faifan, irin ta farkon nan da ko liƙa mata ba a yi, kuma har alfahari na yi wa uwarsa ranar cewa na rage kusan riyal 400.