Dam ɗin Arba'at: wa ya taɓa gaya wa mutanen ƙasan kwari haɗarin da ke kansu?

Duk wanda yake Port Sudan a ƙarshen watan Agustan 2024 ba zai manta da makon nan ba. Ruwan sama aka sheƙa a kan duwatsun Bahar Maliya, kwarin Arba'at ya cika ya batse, dam ɗin da ke riƙe wa birnin ruwan sha ya fashe. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ƙauyuka wajen 20 ruwan ya share, mutum kusan dubu 50 abin ya shafa, a ƙirgan farko an ce aƙalla 30 sun rasu, daga baya adadin ya ƙaru. Allah ya jiƙansu da rahama.

Mu da muke cikin gari ambaliyar bata iso mana ba, ƙishirwa ce ta iso. Gwaggona da muka baro Khartoum tare saboda yaƙi, na ganta da idona tana tara ruwan da ta wanke shinkafa a roba don a yi wanke-wanke da shi, mai karo, wato amalanken sayar da ruwa, kuwa in ya shigo layinmu da jakinsa kafin ya kai tsakiya an rufe shi da jarkoki, kuɗin ruwa ya tashi kuma dole ka saya tunda yara ba za su sha ruwan teku ba.

Mutane da dama suna cewa ƙaddara ce, wasu su ce yaƙi ne. Ƙaddara gaskiya ce, yaƙin ma gaskiya ne, amma dam ɗin nan tun 2003 aka gina shi don ya ɗauki ruwa cubic mita miliyan 25, kuma kowa ya san kwarin da ke gangarowa daga dutse laka da yashi yake kwasowa duk damina, suna taruwa a gindi suna cinye wurin ruwa. In tafki ya cike da laka, ruwan da ada zai zauna lafiya sai ya nemi hanya ta sama, bangon ƙasa kuwa in ruwa ya haura kansa zaizaye shi yake yi har ya ɓalle. Wannan aikin shekaru ne, ya fara tun kafin yaƙin ya ɓarke a Afrilun 2023.

Abin da yafi ci min rai shi ne maganar auna haɗari. A Amurka ana raba dam gida uku, mai babban haɗari, matsakaici, da ƙarami, kuma ma'aunin ba wai bangon ya tsufa ko bai tsufa ba ne, tambayar ita ce in ya fashe yau wa zai mutu, me za a rasa. Dam sabo fil ana iya sa shi a babban haɗari saboda akwai gidaje a ƙasansa. Lafiyar ginin kuma dubawa ce daban da injiniyoyi ke yi. To a auna Arba'at da wannan mana: ƙauyuka a ƙasansa, ga Port Sudan, birnin da gwamnati ke zaune cikinsa a lokacin, tashar jiragen ruwan ƙasar, da ɗimbin 'yan gudun hijira, duk a kansa suka dogara. Ai ko makaho ya san ajin da zai shiga. Dam mai wannan matsayi kamata ya yi a ce akwai taswirar inda ruwa zai bi, akwai mai gadin da zai buga waya, akwai limamai da masu unguwa da suka san in an ce a tashi tudun da za a nufa.

Za a ce babu kuɗi, na yarda gyaran bango da kwashe laka kuɗi ne mai yawa. Amma gaya wa mutum cewa gidanka na kan hanyar ruwa nawa zai ci? Garin Derna na Libiya ya ga ɓarnar fashewar dam a 2023, Maiduguri ma ta gani da dam ɗin Alau makonni kaɗan bayan namu.

Hankalina yanzu yana kan 'yan uwanmu na garin Mai Wurno da ƙauyukan bakin Shuɗin Nilu, inda dam ɗin Sennar yake tun 1925, na Roseires kuma a samansa tun 1966. Ina roƙon hukumar da ke kula da su ta fito da matsayin haɗarin kowanne da ranar da aka duba shi na ƙarshe, a karanta a rediyo da Larabci da Hausa da sauran harsunan mutanen wurin kafin damina ta kankama.